Wuƙa Lamba Shida ta Baba Shekari

Baba Shekari yayan mahaifiyata ne, kuma babu abin da yake alfahari da shi a duniya kamar yatsu. Ba nasa kaɗai ba, har da na mutane. Yana saurayi ya baro ƙauyenmu da ke kusa da Zonkwa, ya shiga wata masaƙa a Kakuri a matsayin mai shafa wa inji giris. Bayan shekara ashirin da huɗu ya fito yana babban makanikin sashen saƙa. A duk tsawon lokacin nan, in ji shi, babu mutum ɗaya da ya bar ɗan yatsa a cikin injin da shi ya ɗaure. In yana ba da labarin sai ya ɗaga hannayensa biyu ya baza, kamar wanda za a caje.

"Ƙirga," zai ce. "Goma cif. Je ka sashen rini ka ƙirga nasu ka gani."

Da masaƙar ta fara rage ma'aikata, a ƙarshen mulkin soja, sallama ta faɗo kansa. Ya dawo gida da akwatin kayan aiki, da tarin tsofaffin zartuna, da bais ɗinsa, wato ƙarfen nan mai muƙamuƙi da ake matse aiki a ciki. Ya kafa rumfa a tsakar gidansa, ya ɗaure bais ɗin a kan wani benci da mutum huɗu ba sa iya ɗagawa, ya shiga gyaran risho da kwaɗo da keken ɗinki. Ranar da farar hula suka karɓi mulki, ana ta murna a rediyo, sai ya sanar da matarsa, Mama Hannatu, cewa tunda sojoji za su koma bariki, shi ma zai ƙera wuƙar da ke komawa cikin gidanta in ta gama aiki.

"To Allah ya sa ta zauna in ta koma," in ji Mama Hannatu, ta ci gaba da tsince wakenta.

Wuƙar ba don kansa zai yi ba. Don Malam Garba mai lemu ne. Malam Garba mutumin Soba ne, ya shekara ashirin yana fere lemu a ƙofar masaƙar. Da aka sallami Baba, shi ma ya turo baronsa ya dawo gindin mangwaron da ke bakin lungun su Baba, ya ce ciniki ne ya kawo shi. Babu wani ciniki a lungun. Musu ne ya kawo shi. Su biyun suna musu a kan ƙwallo, a kan gwamnati, a kan ko ruwa zai sauko. Garba yana kiran Baba Injiniya, Baba yana kiransa Sarkin Ɓawo. Wuƙar Garba tsirara take, a tsumma yake naɗe ta, kuma ta huda masa aljihun riga ya fi a ƙirga.

Wuƙar farko ta yi kyau, wannan kowa ya shaida. Baba ya yanko ruwanta daga zarto, ƙotar kuma daga katakon tsohuwar ƙoshiyar injin saƙa. A bayan ƙotar ya shimfiɗa wani siririn sifirin da ke danne gindin ruwan wuƙar in an buɗe. Makulli babu. Sifirin ne kawai, in ka tura da ƙarfi ta naɗe. Garba ya yi wata takwas yana aiki da ita yana nuna wa duk mai wucewa.

Wata Alhamis cikin Fabrairun shekarar dubu biyu aka sauke masa buhun lemu mai ƙullin igiya da ya ƙi kwancewa. Ya sa tsinin wuƙar cikin ƙullin ya danna. Wuƙar ta naɗe a kan manuniyarsa ta dama, ta ɗauke gaɓar farko.

Baba ne ya ɗaure hannun, shi ya kai shi asibiti a kan babur. Amma da suna dawowa, Garba ya ɗaga yatsan da ke cikin bandeji ya ce, "Injiniya, wuƙarka ta cije ni," sai Baba ya ji kamar an zare masa shekara ashirin da huɗu daga aljihu. Ya ce, "Wuƙata ba ta cizo. Kai ne ba ka iya riƙewa ba."

Garba ya ajiye tiren lemunsa a rumfar Baba, ya ce zai huta kwana biyu.

Ranar Litinin rikici ya ɓarke, garin Kaduna ya kama da wuta.

Ni a lokacin na gama karatun Tarihi a jami'a, ina jiran takardar bautar ƙasa, ina haya a ƙetaren kogi ta arewa. Na tsallako gada da ƙafa, babu komai a hannuna sai takardun makarantata a cikin leda. Abin da na gani a hanya ba zan rubuta shi a nan ba. Na isa gidan Baba, aka ba ni ɗaki, na zauna. Daga ranar ledar nan ba ta rabu da cikin rigata ba, kuma ko kaza ce ta ture kwano sai na nemi ƙofa. Da ƙura ta lafa, gari ya rabu biyu. Irinmu suka dawo kudu, irin su Malam Garba suka koma arewa, kogi ya zauna a tsakani. Babu wanda ya san inda Garba yake. An dai ce an gan shi da rai.

Baba bai yi maganarsa ba ko sau ɗaya. Ya ɗauki tiren ya wanke, ya soke shi a saman rumfa. Sannan ya ɗauko alli ya rubuta a bango: Lamba Ɗaya, ta faɗi. Baba ba mutum ne da ya iya ba da haƙuri da baki ba. A masaƙa, in injin da ka ɗaure ya yi ɓarna, ba ka cewa komai, gyarawa kake yi ka kira mai shi ya zo ya gani. Maganar ƙarshe da ya gaya wa abokinsa tana nan tsaye, kuma hanya ɗaya ya sani ta janye ta: ya sa wa Garba wuƙar da ba za ta naɗe ba a hannu.

Lamba Biyu ita ce ta farko mai makulli. Ya yanka ɗan gurbi a gindin ruwan wuƙar, ya lanƙwasa bakin sifirin ya zama ƙugiya. In ka buɗe, ƙugiyar ta faɗa gurbin, ka ji ƙas. In za ka rufe, sai ka danna wutsiyar sifirin da babban yatsa. Daga nan aka shiga gwaji, irin na masaƙa, inda ake ɗora wa abu nauyi har sai ya nuna iyakarsa. Ya matse ruwan wuƙar a bais, kaifin yana kallon ƙasa, ya rataye bokiti a ƙotar, ya shiga zuba ruwa da moɗa.

"Shekari, bokitina ne ko na gwamnati?" in ji Mama Hannatu daga kicin.

"Madam, kimiyya ake yi."

Ruwa ya kai rabi, ƙugiyar ta zame. Bokitin ƙarfe ya daki siminti da ƙarar da har yau ina jin ta a haƙorana. Da aka gama kwashe ruwa aka neme ni, aka same ni a bayan randa, na rungume ledata.

"Mai Digiri, fito," in ji Baba. "Bokiti ne. Zo ka gaya mini nauyin rabin bokiti."

Na ce Tarihi na karanta.

"To rubuta a tarihi cewa gurbin bai yi zurfi ba."

A Lamba Uku ya ƙara wa gurbin zurfi, ya jefar da siririn sifirin, ya yanko wani daga sifirin tsohuwar mota. Wannan ta ɗauki bokiti biyu cike, ya ƙara ɗan dutsen niƙan Mama, ba ta ko motsa ba. Baba ya zagaya tsakar gida sau biyu yana tafa wa kansa. Sai ya zo rufewa. Ya danna da babban yatsa, shiru. Ya danna da biyu. Ya kira ni na danna, farcena ya yi baƙi. Sai da aka sa filaya. Mama Hannatu ta fito ta duba, ta zare ta daga bais ta wuce kicin da ita.

"Wannan ta yi," ta ce. "Wuƙa ce da ta san ita wuƙa ce. Ba ta da wani tunani."

Har yau da ita take yanka kuɓewa.

Lamba Huɗu ta zo da sabuwar dabara. Ya sa wa wuyan ƙotar zobe mai tsaga. In tsagar ta daidaita da ruwan wuƙar, sai ya wuce. In ka murɗa zoben, ya toshe hanya, ko a buɗe ko a rufe. Dabarar ta burge ni, na faɗa masa. Amma da ya rufe ta ya murɗa, sai ya ga zoben yana ɗan rawa, kuma Baba ba ya jure ganin ƙarfe yana rawa. Ya ɗauko guduma ya ɗan taɓa shi sau uku. Tun daga ranar ba a sake ganin ruwan Lamba Huɗu ba. Tana nan a kan taga. Muna kyautata zaton akwai wuƙa a ciki.

Damina ta shigo, ta yi nisa. Masu kawo gyaran risho suka gaji da jira suka koma wani wuri. Mama Hannatu ta kai maganar gaban zumuntar mata, aka sa Baba a addu'a. Wata rana da rana na tarar da shi zaune, ya zuba wa hannayensa ido.

"Mai Digiri, na gano kuskuren," ya ce. "Ina ta yaƙi da ƙarfe. Ba ƙarfe ne matsala ba, ɗan'adam ne. A masaƙa akwai injin yankan yadi da ba ya tashi sai ka ɗora hannu biyu a kan maɓalli biyu. Ka san dalili? Hannun da ke da aiki ba ya yawo."

Haka aka haifi Lamba Biyar. Tana da ƙugiyar Lamba Uku da zoben Lamba Huɗu, sannan ga maɓalli da ya ɓoye a cikin wani rami mai zurfi a gefen ƙotar, don kada ya dannu da kansa a aljihu. Kafin ka buɗe ko ka rufe, sai ka riƙe ƙotar da dama, ka zura kan manuniya cikin ramin ka danna, ka murɗa zoben da hagu, sannan ka ja ruwan. Nauyinta ya kai na ƙaramin kwaɗo. Ranar gwaji bokitai suka ƙare. Baba ya dubi Mama Hannatu daga sama har ƙasa.

"Ko da wasa," ta ce.

Sai ya ɗaura igiya a ƙotar, ya yi mata madauki, ya sa ƙafa ya hau, ya naɗe ɗaya ƙafar. Dattijo mai shekara hamsin da bakwai yana lilo a jikin wuƙar aljihu yana rera waƙar coci. Makullin bai ko yi ƙara ba. Ya sauko ya rubuta a bango: Lamba Biyar, Shekari ɗaya, ta riƙe.

Cikin Oktoba wani direban bas da ke tsallaka gada ya kawo labari. Ya ga Malam Garba a Tudun Wada, yana fere lemu a bakin wata tasha. Ya ce Garba ya gaji da Kaduna, ranar Asabar mai zuwa zai hau motar kaya ya koma Soba gaba ɗaya. Ranar Litinin ce ya kawo labarin.

Talata da safe Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya jefa Lamba Biyar a aljihu. Mama Hannatu ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, ta juyo ta dube ni. Na ce cikina yana ciwo. Ta ce zai warke a hanya. Wata takwas ban ko kalli gadar nan ba, ga shi za a tsallaka da ni, tare da mutumin da ke ɗauke da wuƙa, ana kuma caje mutane a shingen sojoji.

"Baba, mu sa ta cikin burodi," na ce masa a cikin bas.

"Wuƙar da ta ɗauke ni ɗungurungum zan ɓoye a burodi?"

A bakin gada aka tsayar da mu, aka ce maza su sauko. Wani soja mai jajayen idanu yana bi yana laluben aljihu. Ya taɓa ƙirjina ya ji leda, na ce takardu ne tun kafin ya tambaya, na ƙara da cewa na gode. Bai kai ga Baba ba, Baba ya riga ya zaro ta ya miƙa masa a tafin hannu biyu kamar kyauta.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Wuƙa ce, Oga. Lamba Biyar."

Duk wanda ke kusa da mu ya ja da baya. Sojan ya karɓa, ya ja ruwan da farce, bai fito ba. Ya rataya bindigarsa a kafaɗa ya sa hannu biyu. Ya gwada da haƙori. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya juya ta, ya girgiza a kusa da kunne, ya buga a jikin buhun yashi.

"Kada ka buga!" in ji Baba. "Kawo in nuna maka. Amma sai ka fahimci Lamba Ɗaya tukuna."

Ya fara daga sifirin. Ya bi ta kan bokiti, da dutsen niƙa, da zoben da ya ƙi murɗuwa. Motoci suka yi layi har ba a ganin ƙarshensu, direbobi suna ta danna oda. Da ya iso Lamba Biyar, ya gyara tsayuwa, ya zura yatsa, ya danna, ya murɗa zoben da ya ɗan cije saboda gumi, ya goge hannu a riga, ya sake, sannan ruwan ya fito, ƙas.

Sojan ya dube shi, ya dubi layin motoci.

"Baba, wannan ba makami ba ne," ya ce. "Kafin ka buɗe ta an gama faɗan, an yi sulhu, an ci abinci. Rufe ka tafi."

Rufewar ma sai da aka jira. Muna kan gada Baba yana ta huci. "Ba makami ba ne, wai. Yaron da bai san gurbi ba." Can kuma sai ya yi murmushi. "Amma ka ga bai iya buɗewa ba ko?"

Mun sami Malam Garba a inda aka ce. Ya rame, baronsa ma aro ne. Ya ɗago ya gan mu, lemun da ke hannunsa ya tsaya cak.

"Sarkin Ɓawo."

"Injiniya. Ashe ba ka mutu ba."

"Ina da aiki."

"Yaya Madam? Wannan ɗan naku har yanzu bai sami aikin ba?"

Aka ba mu benci. Baba bai zauna ba. Ya zaro wuƙar, ya yi bayani tun daga bokiti, ya miƙa. Garba yana riƙe da lemu a hagu, ya karɓa da dama, ya tura ruwan da babban yatsa kamar yadda ya saba. Shiru.

"Sai ka ajiye lemun," in ji Baba.

"In ajiye lemu? Injiniya, sau nawa kake tsammani nake buɗe wuƙa a yini?"

Ya ajiye dai. Wata mata da ke jira a fere mata ta gaji ta wuce. Baba ya nuna masa ramin, ya ce ya zura kan manuniya ya danna. Garba ya zura abin da ya rage masa. Yatsan ya tsaya a bakin ramin, bai kai maɓallin ba. Daidai tsawon gaɓar da Lamba Ɗaya ta ɗauke, shi ne zurfin da ya rage. Ya gwada da yatsan tsakiya, wuƙar ta suɓuce ta faɗa cikin bokitin wanke lemu.

Garba ya fara dariya, ya yi ta yi har ya dafa baro. Baba bai yi ba.

"Injiniya," ya ce yana share ido, "ka auna da bokiti, ka auna da dutsen Madam, ka auna da kanka. Hannun da zai riƙe ta fa?"

Baba ya tsamo wuƙar ya goge da gefen rigar cocinsa. Ya daɗe yana gogewa.

"Sai an auna hannun," ya ce. "Kayan aikina suna Kakuri. Bais ba ya tsallaka gada."

Dariyar Garba ta tsaya. Ya dubi hanyar da muka fito, ya kawar da kai. "Asabar zan tafi," ya ce. Ya zaɓo lemu masu kyau ya cika mana leda, ya ce a kai wa Madam.

Mun yi sallama, mun yi 'yan taku, sai Baba ya tsaya. Bai juya gaba ɗaya ba. Ya yi magana kamar da baron yake.

"Garba. Ba hannunka ba ne. Wuƙar ce."

Bai jira amsa ba. Muka koma gida. Ya shiga rumfa ya goge "ta riƙe" daga gaban Lamba Biyar da tafin hannu, ya zauna. Laraba bai taɓa ko guduma ba.

Alhamis da hantsi ina wanke rigata, na ji sallama a ƙofar gida. Malam Garba ne, gumi ya jiƙa masa hula, idonsa yana ta waige, hannun dama a ɗage sama kamar ɗan makaranta.

"Masu gida, na kawo hannun."

Mama Hannatu ta saki tsintsiya ta ce, "Yesu!" Ta rasa abin yi, ta kawo ruwa, ta koma ta kawo kujera, ta koma ta kama kaza. Baba ya leƙo daga rumfa.

"Ka makara," ya ce. "Zauna."

Ya ɗora hannun a kan katako ya zagaye shi da alli. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin wuƙaƙe biyar. Ya ɗauko lemun da aka ba mu da wuƙar kicin, ya ce, "Yi aikinka in gani." Garba ya fere goma, Baba ya tsuguna yana kallo, bai sa baki ba. Ya ga hagu ba ta taɓa sakin lemu. Ya ga hannun kullum a jiƙe yake. Ya ga guntun yatsan yana kwanciya a wuyan ƙota. Ya tambayi yadda yake rufe Lamba Ɗaya, Garba ya nuna, yana goga bayan wuƙa a cinya.

Lamba Shida ba ta da zobe, ba ta da rami. Wani siririn ƙarfe ne kwance a cikin ƙotar, in ruwan ya buɗe sai ya zabura gefe ya tokare gindinsa. Baba ya fitar masa da ɗan kunne daidai inda guntun yatsan Garba ke kwanciya, yadda turawa ɗaya za ta kawar da shi, cinya ta ƙarasa sauran. A gindin ruwan ya bar wuri marar kaifi, faɗin yatsa, don ko ta ci amana ƙarfe mai dakushi ne zai fara sauka. Ya lulluɓe cikin ƙotar da tagulla saboda ruwan lemu yana kawo tsatsa. Garba ya koma kafin la'asar, ya dawo Juma'a bayan masallaci. Karo na biyu bai yi gumi kamar na farko ba.

Aka rataye bokiti. Ta ɗauki ɗaya cike. Baba ya miƙa hannu zai ɗauko na biyu, ya ce Lamba Biyar ta fi wannan ƙarfi nesa.

"Ni lemu nake sayarwa, ba bokiti ba," in ji Garba. "Ba ni nan."

Ya dubi tsakar gida, ya hango buhun masarar Mama mai ƙullin igiya. Ya ɗauki lemu a hagu, ya buɗe wuƙar da babban yatsa, ƙas. Ya sa tsinin cikin ƙullin. Mama Hannatu ta toshe baki. Baba, mutumin da ya yi lilo a jikin wuƙa yana waƙa, ya rufe ido. Ni ban gudu ba, amma na riƙe ledata.

Garba ya danna da dukan ƙarfinsa. Igiyar ta tsinke. Wuƙar tana nan a miƙe. Ya tura ɗan kunnen da guntun yatsansa, ya goga a cinya, ta shige gidanta, ya jefa a aljihu, lemun yana hannunsa.

"Buɗe ido, Injiniya. Ta yi."

Baba ya buɗe, ya kama hannun ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara murya.

"Ta yi yau. Amma a masaƙa ba a sakin sabon inji haka kawai. Wata uku ana duba shi, duk mako. Ban san abin da ruwan lemu zai yi wa ƙarfen ciki ba."

"Gobe motata za ta tashi."

"To ka bar wuƙar. Ba na sakin aikin da ban gama dubawa ba."

"Ka ji dokar kamfanin da ya kore ka!"

"Doka doka ce."

Garba ya dafa aljihunsa. Ya ɗaga kai yana neman abin faɗa, sai idonsa ya sauka a kan tirensa da ke soke a saman rumfa, a wanke tas. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mangwaron nan na bakin lungu," ya ce, "wani ya kama wurin?"

"Wa zai kama? Babu ciniki a wurin."

Motar Soba ta tashi ranar Asabar ba da shi ba. Yanzu yakan tsallako da safe ya koma kafin la'asar, ba kullum ba, amma Alhamis ba ta wuce shi, ranar dubawa ce. Wata ukun sun cika tuni. Baba ya ce ƙusar tsakiya ta fara ɗan rawa, yana tunanin Lamba Bakwai. Garba ya ce in ya kuskura ya kusanto ta da guduma zai kai ƙara wurin Madam.

Rubutun allin yana nan a bangon rumfa, ruwan sama bai kai wurin ba. Layin ƙarshe da hannun Baba ne: Lamba Shida, yatsu tara da rabi, ta riƙe.